Wata biyar ina jera wa makaɗa kujeru a wani cocin Benis

A watan Oktoba na 2019 kuɗin tallafin karatuna suka makara, mai gidan haya kuwa ba ya jira. Ina Padova a lokacin, a arewacin Italiya, shekarata ta biyu a jami'a. Wani ɗan Senegal da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya ce mini wata ƙungiyar makaɗa a Benis tana neman matashi mai ƙarfi da zai riƙa jera kujeru, ya ɗauki kaya, ya tsare ƙofa. Kwana huɗu a mako, daga la'asar zuwa sha ɗaya na dare. Na ce ina so. Har ya juya zai tafi, sai ya waigo ya ce, "A coci ne fa."

A daren na buga wa Kawu waya. A hannunsa na tashi, kuma duk gidanmu shi kaɗai ya san kiɗa ciki da bai. Ya yi shekaru yana goge kafin ya rataye shi ya kama sayar da hatsi, domin a garinmu ba kowane gida ne ke ba mai goge aure ba.

Na ce, "Kawu, na sami aiki, amma a coci ne. Ba ibada ake yi a lokacin ba, kiɗa ne."

"Wane irin kiɗa?"

"Irin naku ne. Goge. Sai dai nasu tsirkiya huɗu gare shi."

Ya ɗan yi jim. "Za su hana ka salla?"

"A'a, Kawu."

"To je ka nemi halalinka, ɗana. Amma ka buɗe kunne, zan tambaye ka."

Daga Padova zuwa Benis kamar rabin awa ne a jirgin ƙasa mai sauri. Kafin ka isa, jirgin zai hau wata doguwar gada, kusan kilomita 4, ruwa dama ruwa hagu, ya sauke ka a tashar Santa Lucia. Daga nan mota ta ƙare, babur ya ƙare, ko keke ba a yarda ka hau ba. Ko dai ƙafa ko jirgin ruwa. Garin yana da gadoji sama da 400, kuma kusan kowace da matakala, hawa da sauka. Wanda bai taɓa goya ƙaton gogen nan da suke kira kontirabas ba, wanda ya fi mutum tsawo, ya haye gada biyar da shi a cikin cunkoson 'yan yawon buɗe ido, ba zai gane dalilin da ya sa suke neman mai ƙarfi ba.

Coci-coci sun yi wa Benis yawa, mutanen garin kuma kullum raguwa suke, shi ya sa aka ba wasu daga cikinsu wani aikin. San Vidal, da ke gindin gadar Accademia, an daina ibada a cikinsa, ya zama gidan kiɗa, makaɗa na tsayawa a ƙarƙashin wani zanen waliyyi a kan farin doki da Carpaccio ya yi tun 1514. San Maurizio ya zama wurin nunin tsofaffin kayan kiɗa. Namu ƙarami ne, a cikin lungu, kuma har yanzu ana ibada a ciki ranar Lahadi. Saboda haka duk abin da muka shimfiɗa sai mun naɗe, mu bar wa masu wuri wurinsu yadda muka same shi.

Abin da ya fara tarbata ranar farko shi ne sanyi, sai wari. Sanyin dutse ne, wanda ke shiga ta tafin ƙafa, warin kuma na laima da tsohon kyandir. Dattijon da ke riƙe da makullai ya nuna mini ƙasa kafin ya nuna mini komai. Daɓen na marmara ne, ja da fari, a tsakiyarsa akwai manyan duwatsu masu rubutu da sawun mutane ya side. Ya ce kaburbura ne, na ɗaruruwan shekaru. Dokarsa ɗaya ce: ba a jan kujera. A ɗaga, a ajiye. Kujera 140, kowace sai na duba robar ƙafafunta huɗu kafin na dire ta. Ranar farko na yi awa biyu, daga baya na koma minti arba'in.

Bayan kujeru sai ƙarafan ɗora takardun kiɗa, guda takwas, kowanne da 'yar fitilarsa. Sai cembalo. Shi wannan kamar fiyano yake a ido, amma idan ka danna, tsirkiyar tsinkar ta ake yi maimakon a buge ta, sautinsa siriri, kamar ana kaɗa gurmi da farce. Mu uku muke ciccibo shi daga ɗakin ajiya. Ƙarfe biyar mai saita shi zai zo da 'yar jakarsa, kuma daga lokacin da ya ɗora makullinsa a kan tsirkiya ta farko babu mai motsi. Kullum sai an saita, domin katako ne, laimar Benis kuma ba ta barin katako ya kwana yadda ya wuni. A wannan shirun nake shiga ɗakin ajiyar kujeru in shimfiɗa dardumata in yi magariba. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan. Da suka gane lokacin, sai suka daina kirana a cikinsa.

Ba a ɗumama cocin kamar yadda ake ɗumama gida. Zafi na farat ɗaya yana fasa katakon kayan kiɗa, yana kuma ɓata zanen da ke bango. 'Yan ƙananan hita kawai nake ajiyewa kusa da ƙafafun makaɗa, nesa da kayansu. Kafin su fito, za ka gan su a ɗakin baya da safar hannu mai yankakkun yatsu, suna hura iska a tafi.

A makona na biyu na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Celo, gogen da ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi, yana tsayawa ne a kan wani tsinin ƙarfe. A kan marmara tsinin zamewa yake yi, don haka akwai wani ɗan katako mai rami da ake ɗaure wa ƙafar kujera da igiya, a kafa tsinin a ciki. Na manta da shi a ɗakin ajiya. Ana cikin gwaji tsinin ya sulale, celon ya yi gaba, mai shi ya cafke shi da gwiwa da kyar. Ƙarfen ya bar ɗan farin layi a kan dutsen. Dattijon mai makullai ya durƙusa ya shafa wurin da yatsa, ya daɗe bai tashi ba. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar, katakon nan a aljihun rigata yake kwana.

Shugabar ƙungiyar mace ce mai kimanin shekara sittin, kowa Maestra yake ce mata. Ita ce ta lura ina yawan kallon hannunta idan tana shafa wa bakanta ƙaro. Ta tambaye ni. Na ce mata a garinmu ma haka ake yi, kawuna yana da goge, bakansa da izgar doki, tsirkiyarsa ma izga, kuma shi ma sai ya shafa ƙaro kafin ya yi kuka. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce in zana mata shi. Na zana ƙoƙon duma, da fatar da ake rufe bakinsa da ita, da sandar, da ɗan iccen da tsirkiya ke hawa, na ce mata sunansa jaki. Ta yi ta maimaita kalmar. Ta nuna mini jakin nata gogen, wanda suke kira bayolin, siririn katako mai ado, ba a manna shi da komai ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe da shi. Gashin bakanta ma na wutsiyar doki ne.

Daga nan ta karkata bayolin ɗin wajen fitila ta ce in leƙa ta ɗaya daga cikin tsagogi biyun da ke fuskarsa. A ciki na hango wani ɗan tsinke a tsaye, bai fi kaurin fensir ba, ya tokare katakon sama da na ƙasa. Ta ce Italiyawa "anima" suke kiransa, wato rai. Shi ma ba a manna shi. Idan ya gusa kamar faɗin ƙwayar gero, muryar gogen ta canza, idan ya faɗi kuwa sautin ya zama fanko. Katakon fuska na icce mai laushi ne irin na dazukan tsaunukan arewacin Italiya, na baya kuma mai tauri, haka mashahuran masu haɗa goge, Stradivari da dangin Amati da Guarneri, suka riƙa haɗawa a garin Cremona shekaru ɗari uku da suka wuce, haka kuma ake yi har yau.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a aikin nan gwajin ƙarfe shida ne. Maestra takan tsaya a gaban bagadi, cocin babu kowa, ta tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ta ɗaga kai tana saurare. Tafin ba ya mutuwa nan take. Zai hau sama, ya zagaya cikin kubba, ya dawo ta bangon baya, yana raguwa a hankali. Nakan ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, wani lokaci har huɗu kafin ya ɓace. Bayan haka sai ta aike ni layin ƙarshe in zauna, su fara, in ɗaga hannu idan na daina rarrabe sautin. Da farko na zaci don ba ni da aikin yi ne a lokacin. Ashe kunnen da bai san rubutun kiɗan ba take so, irin kunnen wanda zai sayi tikiti.

Dutse ba ya shan sauti, mayar da shi yake yi. Idan makaɗa suka yi sauri, sautin da ya fita bai gama mutuwa ba wani ya hau kansa, sai abin ya dame kamar kunu. Musamman manyan gogen, celo da kontirabas, su ne ke fara cika ɗakin da gurnani. Don haka a coci sukan rage sauri kaɗan, su gajarta jan baka, su bar 'yar tazara tsakanin sauti da sauti don ginin ya cike ta da kansa. Idan suka zo ƙarshe, ba sa sauke hannu. Bakunan na nan a sama har sai amsa-kuwwar ta gama yawonta. Wani lokaci Maestra za ta ce in matso da ƙarafan gaba da taku ɗaya, ko in ja mai kontirabas daga jikin ginshiƙi. Taku ɗaya tak, amma daga baya inda nake zaune sai in ji kamar an share hazo. Na sa ɗan alli a gefen katakon dandamali don kada in ɓata wurin kowa.

Kuma duk wannan lissafin canzawa yake idan mutane suka shigo. Jiki da manyan rigunan sanyi suna shanye sauti. Daren da kujeru suka cika, amsa-kuwwar takan ragu sosai, su sami damar ƙara sauri. Daren da mutum arba'in ne kawai, sai su ja da baya. Shi ya sa kafin su fito Maestra takan leƙo ta labule ta tambaye ni, "Nawa?" Ba kuɗin take tambaya ba.

Ƙarfe takwas nake buɗe ƙofa. Jamusawa, Amurkawa, 'yan Japan, Faransawa, jefi-jefi tsofaffin garin da suka san dattijon mai makullai. Ina yaga tikiti, ina roƙon a kashe waya, ina nuna wa masu takalma masu tsini inda za su taka. Akwai al'adar da na sha wuyar bayyanawa: kowane kiɗa kashi uku ne, mai sauri, mai sanyi, mai sauri, kuma ba a tafi sai an gama duka ukun. A wurinmu idan makaɗi ya burge ka, a take za ka tashi ka yi masa liƙi, kuma ni har yau ina ganin hakan ya fi kusa da zuciya. Amma a cikin wannan ginin na fahimci dalilinsu. Shirun da ke tsakanin kashi da kashi ba fanko ba ne, sautin ƙarshe yana nan yana sauka daga sama, tafi kuma kashe shi yake yi.

Kusan kullum kiɗan Antonio Vivaldi suke yi, ɗan garin, wanda aka haifa a 1678, musamman guda huɗun nan da ya yi wa lokutan shekara, waɗanda aka buga a Amsterdam a 1725. Na ji su fiye da sau sittin ina tsaye a jikin ƙofa, kuma ban ƙoshi ba. A na lokacin fitowar furanni akwai wurin da makiyayi ke barci, biyola kuma, gogen da ya ɗan fi bayolin girma, tana ta maimaita sauti biyu masu kaushi, haushin karensa ke nan, haka Vivaldi ya rubuta a takardar. A na lokacin zafi, komai zai yi lis kamar la'asar ɗin bazara a garinmu, iska ta tsaya, sai hadari ya taso. Duk gogen su rufta a lokaci guda, ginin ya ɗauka, har kana jin rawar a ƙirjinka. Daren farko da na ji shi, ƙamshin ƙasar ruwan fari ne ya zo mini, ina tsaye a cikin sanyin Benis. A na hunturu kuwa, akwai inda sauran ke tsinkar tsirkiya da yatsa, ɗis, ɗis, kamar ruwa a kan rufi, Maestra ita kaɗai tana jan wata doguwar murya a samansu.

Wata ranar hutu na je cocin Pietà da ke bakin ruwa, ba nisa da dandalin San Marco, wanda ake kira cocin Vivaldi. Gaskiyar magana bai taɓa kiɗa a wannan ginin ba: a 1745 aka fara gina shi, shi kuwa ya rasu a Biyana a 1741, cikin talauci. Abin da ya haɗa su shi ne gidan marayun da ke wurin, inda ya fara koyar da bayolin a 1703, shekarar da aka naɗa shi fada, wato limamin coci. Jariran da aka yar ake kawowa gidan, 'yan matan da aka ga suna da kunne a koya musu kiɗa, har suka zama ƙungiyar da baƙi ke zuwa daga ƙasashen Turai don su ji. Daga bene suke kiɗan, a bayan ragar ƙarfe, ana jin su ba a ganin fuskarsu sosai. Da yake ba su da sunan uba, da abin kiɗansu ake kiransu. Mafi shahara ita ce Anna Maria dal Violin, wato Anna Maria mai goge, kamar dai yadda za mu ce wane mai kukuma. Na daɗe a tsaye ina kallon ragar nan. An gina cocin ne da niyyar kiɗa, kusurwoyinsa a lanƙwashe, da zaure a gaba da ke tare hayaniyar bakin ruwa. Saboda marayu aka yi wannan ƙoƙarin.

Ranar 12 ga Nuwamba aka yi hasashen ruwa zai hau da dare. A Benis jiniya ce ke faɗa, kuma yawan muryoyinta ne ke nuna tsawon ruwan: ɗaya santimita 110, huɗu kuwa 140 ko fiye. Aka soke kiɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da yamma muka ɗora cembalo da kontirabas a kan katakai a matakalar bagadi ta sama, muka tara kujeru bisa juna, muka kwashe wayoyin lantarki daga ƙasa. Na kama jirgi na koma Padova. Kafin sha ɗayan dare, da iskar kudu ta turo teku, ruwan ya kai santimita 187 a ma'aunin garin, wanda tun ambaliyar 1966 mai 194 ba a ga irinsa ba. Mafi yawan birnin ya shiga ruwa.

Washegari na shiga cocin da dogayen takalman roba. Ruwan ya janye, ya bar layinsa a bango daidai gwiwata, da laka, da ciyawar teku a kan kaburburan nan. Bai kai ga cembalo ba, saura kamar tafin hannu. Muka wuni muna wanke daɓe da ruwan famfo, domin gishiri ne abokin gaba: yana shiga dutse da tubali, idan ya bushe ya riƙa cin su daga ciki. Muna gamawa ruwan ya sake dawowa, sau biyu a cikin makon, muka sake wankewa. Dattijon mai makullai, wanda ɗan farin layi ya durƙusar da shi, yana ta aiki da tsumma ba ya magana da kowa.

Da aka koma kiɗa, baƙi sun gudu daga garin. Daren farko mutum ashirin da 'yan kai suka zo. Maestra ta tafa hannunta, ta saurara, ta ce in kwashe kujerun baya duka, in jawo sauran su kewaye makaɗan, in shimfiɗa tsofaffin dardumai biyu a inda babu kowa. Tsirkiyoyi suna ta saki saboda laima, sai da suka tsaya saiti sau uku. Amma ban taɓa jin sun yi kiɗa a hankali da natsuwa kamar daren ba. Wata tsohuwa 'yar unguwar, wadda ruwa ya shiga gidanta, ta zauna a layin gaba da takalman robarta har aka tashi.

Ranar 23 ga Fabrairu 2020 aka dakatar da kanibal, babban bikin shekara-shekara na garin, saboda korona, aka hana taruwa. Bayan kwana biyu aka kira ni in zo mu tattara kaya. Ina cikin naɗe ƙarafa Maestra ta shigo ɗaukar takardunta. Na ce mata, "Maestra, kawun nan nawa mai goge ya ce zai tambaye ni abin da na ji, ni kuwa ban san yadda zan faɗa masa da baki ba." Ba a yarda a ɗauki sauti a wurinmu ba, amma ta buɗe akwatinta, ta shafa ƙaro, ta ce in kunna wayata. Ta tsaya a kan alamar allinta ta ja muryar nan ta hunturu, ita kaɗai, minti biyu, babu kujera ko ɗaya a cocin.

Na tura wa Kawu ta WhatsApp ina cikin jirgi a kan gada. Kafin in isa Padova ya kira.

"Su nawa ne?"

"Mutum ɗaya ce, Kawu."

"A'a. Akwai mai amsa mata."

"Ginin ne yake amsawa."

Na ji ya sake kunna sautin a wayar wani, yana saurare, ni ma ina jin sa daga nesa. Da ya ƙare ya ce, "To ai shi ne ƙoƙon. Ita tsirkiya kawai take riƙe da ita." Ya tambaye ni tsawon rufin, na ce zai kai bene huɗu. Ya tambaya da me aka yi bangon, da inda na tsaya lokacin da nake ɗauka. Na ce kusa da ita.

"Ka yi kusa da yawa. Ka koma ka tsaya can baya, ka sake ɗauko mini."

Na ce masa an rufe cocin, ba a san ranar buɗewa ba.

Ya ce, "To, in an buɗe."